Mai Usur: Sana'ar Koci a Zangon Lome

Da an sallame sallar La'asar a Zangon Lome, kafin dattawa su gama lazimi, yara sun riga sun sulale daga sahu. Wani rataye da takalma a wuya, wani da safa a ƙafa ɗaya kawai, duk sun miƙe sai fili. Filin nan hukuma ba ta san da shi ba. Yau harabar makarantar firamare, gobe fegin wani Alhaji da bai kai ga ɗora bulo ba, jibi ɗan sararin da manyan motocin Nijar da Burkina suka rage a gefen titi. Ko ina ne, za ka iske mutum ɗaya ya riga kowa zuwa, buhu a kafaɗa, usur a wuya, yana jera gorunan ruwa da aka ɗura wa yashi don su zama alamun atisaye. Shi ne koci. Yara na ce masa Koc, iyaye mata na ce masa Malam, iyaye maza kuwa da yawansu har yau ba su yarda abin da yake yi sana'a ce ba.

Ni na yarda sana'a ce, kuma ina ganin ta fi kama da Zango fiye da yadda dattawan Zango ke zato. Tsohon Zango a tsakiyar birni yake, inda fatake Hausawa suka sauke kaya tun zamanin Jamusawa. A 1977 gwamnatin Eyadema ta rushe shi, aka kwashe mutane zuwa wajen Aguwe, kimanin kilomita 15 arewa da gari, a bakin babbar hanyar da ta bi ta Sokode da Kara har iyakar Burkina. An bar gidaje da rumfuna a baya, bankuna suka tashi a gurbinsu, amma abin da ke riƙe da unguwar ya biyo mutanensa. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar Zango ya fitar da littafi a kansu a 1983, kuma ginshiƙin abin da ya gano shi ne abin da kowane ɗan Zango ya buɗi ido ya tarar: mai gida. Falke ya koro shanu daga arewa, bai san mahautan Lome ba, ba ya jin Mina. Sai ya sauka wurin mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye, a sallama wa mahauci bisa bashi, shi kuma ya tsaya lamuni. In mahauci ya gudu, aljihun mai gida ne zai yi kuka. Ba shi da sa ko ɗaya a cikin garken. Jarinsa sunansa, da yardar da baƙo ya yi masa.

Haka koci yake. Yaran da ke gabansa ba shi ya haife su ba, filin na aro ne, ƙwallon ma sau da yawa wani ne ya saya. An danƙa masa 'ya'yan mutane na awa biyu kowace yamma, shi kuma ya tsaya musu lamuni a wurin kowa: a gaban uba, a gaban malamin allo, a gaban shugaban makarantar boko, daga baya a gaban kulob da dillali. Maganarsa ce ke buɗe wa yaro ƙofa. In ya ce shekarar yaro goma sha biyar, haka za a rubuta. In ya ce mutumin nan mai mota na ƙwarai ne, a ba shi fasfon yaro, za a ba shi.

Ba a zuwa makaranta a koyo wannan aiki, aƙalla a farko. Yawancin masu usur tsofaffin 'yan wasa ne da gwiwa ta ci amanarsu, ko waɗanda suka je gwaji Akra ko Kwatano ko Abijan suka dawo hannu rabbana. Mutum ya fara da ɗaukar wa tsohon kocinsa buhun ƙwallo, sai a bar masa ƙananan yara, 'yan shekara takwas zuwa sha biyu, waɗanda ba wanda ke son wahalarsu. Daga nan wata rana ya ga ya tara nasa. Akwai lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, mai hawa hawa, kuma hukumar ƙwallon Togo kan shirya kwasa-kwasai lokaci lokaci. Amma kwas da Faransanci ake yi, da kuɗin rajista, da kwanakin da mutum zai ajiye babur ɗinsa na haya, wato zemijan, ko ya rufe teburin gyaran waya. Wanda iyakar karatunsa allo, ko ya bar boko tun firamare, yakan ji nauyin shiga aji. Sai ka ga mutumin da ya fi kowa iya karanta ƙafar yaro ba shi da takardar da za ta ba shi damar zama a bencin ƙaramar gasa.

Karanta ƙafar yaro kuwa ilimi ne. A ƙasa mai tudu da kwari, ƙwallo ba ta zuwa yadda aka aiko ta, don haka darasin farko tarewa ne: da cikin ƙafa, da cinya, da ƙirji, sau ɗari, har yaro ya daina kallon ƙwallo ya fara kallon mutane. Darasi na biyu sakin ta. Ɗan Zango na son yanka, yana son a yi masa ihu daga bakin layi, kuma koci kan shafe shekara guda yana koya masa cewa bai wa ɗan'uwa ba gazawa ba ce. Ranar da babu makaranta, tun bayan Asuba a cika motar haya a gangara bakin teku, a yi gudu cikin rairayi har cinyoyi su yi nauyi. Rairayin Lome ya gina ƙafafun 'yan wasa fiye da kowane ɗakin motsa jiki a ƙasar. Da damina, in kogin Zio ya cika ya malalo ta wajen Togblekope, fili ya zama tafki, sai a koma tsakanin gidaje a yi 'yan biyar biyar. Da azumi a mai da atisaye bayan Asham. Kuma duk wannan da harshe huɗu ake yin sa. A yi wa wannan tsawa da Hausa, a rarrashi wancan da Kotokoli, a kira na gefe da Mina, a ƙirga da Faransanci, domin Zango bai taɓa zama na ƙabila ɗaya ba, kuma ƙwallo ta fi kasuwa gauraya mutane.

Aikin da ya fi wuya a zaure ake yin sa. Koci ya cire hula ko ya gyara ta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Alhaji, a yi gaisuwar gida da ta kasuwa har ta ƙare, sannan ya kawo maganar. "Alhaji, yaron nan Allah ya yi masa baiwa. A bar mini shi Laraba da Asabar." Amsar da ya saba ji ita ce, "Malam, tamaula ce za ta ci da shi?" Sai ya shiga ɗaukar alkawura. Ba zai rasa Magariba a jam'i ba. In ya tsallake makarantar allo, ni da kaina zan hana shi taɓa ƙwallo mako guda. In sakamakon jarrabawa ya lalace, a tuhume ni. Kocin kirki na cika waɗannan alkawura, har ka ga yana bin yara gida gida da dare yana tambayar ko sun dawo. Uwa kuwa ta kan kira shi gefe ta ce, "Malam, ga amana nan," ta damƙa masa 'yan daloli a ƙullin zane don kuɗin mota. Sunan Adebayor, wanda aka haifa a Lome kuma ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2008, ya sassauto da iyaye da yawa. A Zango sunan Mohamed Kader ya fi shiga zuciya, ɗan Sokode, Musulmi, wanda ya ci wa Togo ƙwallonta tilo a gasar cin kofin duniya, a ragar Koriya ta Kudu a birnin Frankfurt ranar 13 ga Yuni 2006.

To, me koci ke ci? Nan ne raunin sana'ar. Albashi babu. Yara kan yi karo-karo ranar wasa don ruwan leda da kuɗin rafali. Riguna da takalma daga gwanjon kasuwar Hedzranawoe suke fitowa, kuma sau da yawa koci ne ke cikasa kuɗin daga abin da ya samo a kan babur. Lokacin babban hutu ne kakarsa, sa'ad da ake shirya gasar unguwanni, wani attajiri ko ɗan siyasa ya sa kofi da rago ko 'yan jakunkuna. Wanda ya ci ya raba da yara ya rage na sabulu. Sauran watanni sai abin da Allah ya hore ta hannun tsohon ɗalibi da ya tuna da shi. Mai gidan shanu yana da la'ada sananniya a kan kowane kai, an san ta, ba ya ɓoye ta. Koci ba shi da la'adar da al'ada ta yanka masa. Mutum ne da aka ba ajiya mai tsada, aka bar shi da yunwa.

Kada a ce wannan halin ƙananan filaye ne kawai. Har can saman sana'ar, ɗan Afirka bai cika cin gajiyar guminsa ba. Stephen Keshi ya karɓi Togo ya tsallakar da ita gaban Senegal da Zambiya da Mali, ya kai ta gasar cin kofin duniya a karon farko bayan nasarar 3 da 2 a Brazabil a Oktoban 2005. Watanni kaɗan bayan haka, da aka sha kashi sau uku a gasar Afirka a Masar ga kuma saɓani tsakaninsa da Adebayor, aka sallame shi, Bajamushe Otto Pfister ya ɗauki tawagar zuwa Jamus. A Nijar, Harouna Doula ne ya fara kai tawagar ƙasar, Mena, gasar cin kofin Afirka ta 2012, CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011, amma aka ɗora masa Bafaranshe Rolland Courbis. Kowane mai usur a Zango ya san waɗannan labarai, kuma ya san abin da suke faɗa masa game da nasa rabon.

A cikin wannan sana'a Tchanilé Bana ya taso. Yana cikin 'yan ƙasa ƙalilan da aka taɓa danƙa wa babbar tawagar Togo. Shi ya jagorance ta zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2002 a Mali, inda ta yi canjaras babu ci da Kodibuwa da Kongo, Kamaru ta doke ta 3 da nema. Bayan 'yan shekaru Nijar ta ɗauke shi ya horar da Mena, don haka a Yamai da Maraɗi ma an san sunansa. Mutum ne da 'yan wasan cikin gida suka sani suka yarda da shi, kuma ana ganin girmansa a matsayin shaidar cewa ɗan gida ma zai iya. Sai shekarar 2010 ta zo, shekarar da ƙwallon Togo ba za ta manta ba. Ranar 8 ga Janairu 'yan tawayen Kabinda suka buɗe wa motar tawagar wuta a Angola, a kan hanyarta ta zuwa gasar Afirka. Mataimakin koci Abalo Amélété ya rasu, da jami'in yaɗa labarai Stanislas Ocloo. Mai tsaron raga Kodjovi Obilalé ya sami raunin da ya raba shi da wasa har abada. Gwamnati ta kira tawagar gida, CAF ta hukunta Togo da haramcin gasa biyu, sai a watan Mayu aka janye. Hukumar ƙwallon ƙasar na hannun shugabancin riƙon ƙwarya saboda rikicin cikin gida. Gasar lig ba a buga ta ba a shekarar. 'Yan wasa da kociyoyi na zaune, ba wasa ba albashi.

Ranar 7 ga Satumba 2010, a filin wasa na ƙasa da ke Riffa, Baharain ta karɓi baƙuncin wata tawaga sanye da rigunan Togo a wasan sada zumunta. An tashi 3 da nema, bayan an soke wa masu masaukin wasu ƙwallaye biyar. Kocin Baharain, Josef Hickersberger, ya koka cewa baƙin ba su da ƙarfin buga minti 90. Da labari ya iso Lome sai hankali ya tashi, domin tawagar Togo ta gaskiya kwana uku kafin nan tana Gaborone, inda Botswana ta doke ta 2 da 1, kuma hukuma ta ce ba ta aiki kowa Baharain ba. Mutanen Baharain suka ce su takardu aka kawo musu masu hatimi da sa hannu. Da aka bi sawu, sai ya tsaya a ƙofar Tchanilé Bana. A lokacin ma yana ƙarƙashin dakatarwar shekara biyu, domin a watan Yuli ya kwashi wasu 'yan wasa zuwa wata gasa a Masar ba da izinin hukuma ba. Aka yanke masa haramcin shekara uku. Ya fito ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, ya ce abin da ya tura shi shi ne ganin matasan 'yan wasan ƙasar na zaune babu gasar da za su nuna kansu.

Bayan labule akwai wani baƙo daga Singafo, Wilson Raj Perumal, wanda sana'arsa sayen wasanni. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya kafa kamfanin shirya wasannin sada zumunta, ya je wa hukumomin da ba su da kuɗi ya ce zai biya jirgi da otel da ladan wasa, shi kuma a bar masa zaɓen alƙalai. A kasuwannin caca na Asiya ana zuba dukiya a kan yawan ƙwallayen da za a ci, ko tazarar da za a yi nasara da ita, har ana cikin wasan. Wanda ke da rafali a aljihu, ko yake da tawagar da ya san ba za ta iya gudu ba, ya riga ya san abin da sauran 'yan caca ke hasashe. An kama Perumal a Finlan a Fabrairun 2011, kotu ta ɗaure shi shekara biyu. Ba Togo kaɗai guguwar ta taɓa ba. Alƙalin wasa ɗan Nijar, Ibrahim Chaibou, wanda ya busa wasan da Nijeriya ta ci Ajantina 4 da 1 a Abuja ranar 1 ga Yuni 2011, ya kuma ba da fenariti bayan lokacin da aka ƙara ya wuce, FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har iyakar ransa a Janairun 2019 bisa karɓar cin hanci. Abin ya yi mini ciwo kamar yadda na Bana ya yi.

Na daɗe ina auna maganar da Bana ya kare kansa da ita. Akwai gaskiya a cikinta. Yaron da ke buga wa Semassi ta Sokode ko Agaza ta Lome, in babu lig, shekararsa ta tafi a banza, kuma shekarar ɗan ƙwallo ba ta dawowa. Kocin da ya raini irin waɗannan yara, yana kallonsu suna komawa tura baro, dole zuciyarsa ta ƙuna. Kuma ban yarda mutum ɗaya zai iya fitar da tawaga ta filin jirgin sama da takardu masu hatimi shi kaɗai ba. Shi ne dai sunan da ya fito fili. Duk da haka uzurin bai wanke shi ba, kuma ɗan Zango ya fi kowa sanin dalili. Mai gida ba ya sallama shanun baƙo ga wanda bai san asalinsa ba, komai tsadar da ya taya. Bana ya tsaya wa baƙon da bai dace ba lamuni, ya jinginar da abu biyu da ba nasa ba: sunan ƙasa, wata takwas bayan an zubar da jini a cikin rigar nan, da kuma sunayen yaran da suka bi shi saboda shi ne Koc. Sun hau jirgi da fatan wani zai gan su ya saye su. Suka dawo duniya na kiransu 'yan wasan jabu. Yau in an ambaci Tchanilé Bana a wajen Togo, ba a tuna Mali 2002, ba a tuna Mena, ba a tuna yaran da ya fitar. Yammaci ɗaya a Riffa ya rufe aikin shekaru.

Perumal bai san hanyar Aguwe ba, amma ƙananan irinsa sun sani. Suna zuwa bakin fili da jaka da katin kamfani, su ce suna da hanya a Turkiyya ko Maroko ko Faransa. Abu na farko da suke nema a wurin koci shi ne a rage wa yaro shekaru. A inda yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya kotu ta ba da takardar maye gurbi bisa shaidar mutane, sauya shekara uku ba wuya. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don a ga ko ya gama haɗewa, kuma a Janairun 2021 an fitar da Togo daga gasar share fagen yankin da ita kanta ke karɓar baƙunci a Lome, saboda wasu 'yan wasanta sun faɗi wannan gwaji. Kowace shekarar da aka sace, gurbin wani yaro na gaskiya aka sace. Abu na biyu kuɗin tafiya ne. Uba ya sayar da fegi ko sa, uwa ta fasa adashi, a miƙa wa dillali bisa maganar koci, shi kuma a ɗan sammasa. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don wasa, in ban da 'yan keɓaɓɓun dalilai, don haka duk wanda ya yi alkawarin kai ɗan shekara 15 Turai ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Abin takaicin shi ne akwai la'ada ta halal da yawancin masu usur ba su san da ita ba. In an sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne kulob ya kasance da rajista a hukuma, yaro kuma da lasisi a ƙarƙashinsa. Ƙungiyar da iyakar ofishinta buhun koci ba ta cikin lissafi. Da attajiran Zango za su haɗa hannu su yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista, da sun toshe babbar kafar da shaiɗan ke shigowa ta ciki.

Akwai kuma amanar da ta fi shekaru da kuɗi nauyi, wadda bakinmu ke jin kunyar ambata. A Amurka, inda kocin jami'a ya fi gwamna suna a wasu jihohi, Joe Paterno ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar Penn State daga 1966 zuwa 2011, ya ci wasa 409, aka kafa masa mutum-mutumi tun yana raye, ana yabonsa da cewa 'yan wasansa na gama karatu. A 2001 wani ƙaramin ma'aikacinsa ya gaya masa ya ga tsohon mataimakinsa, Jerry Sandusky, da wani yaro a wurin wanka cikin mummunan hali. Paterno ya sanar da na gaba da shi a ofis, bai kai wa 'yan sanda ba. Shekara goma bayan haka asiri ya tonu. Aka kore shi ranar 9 ga Nuwamba 2011, ya rasu ranar 22 ga Janairu 2012 yana da shekara 85, a Yulin shekarar aka cire mutum-mutumin. Kotu ta sami Sandusky da laifi 45 na lalata da yara. Shi Paterno ba a zarge shi da taɓa kowa ba. Shirunsa ne ya ci shi. Kada mu ce wannan cutar Turawa ce. A Disambar 2021 an kama tsohon kocin 'yan ƙasa da 17 na Gabon bayan tsofaffin 'yan wasa sun fito da irin wannan zargi. Yaron da ya san bakin mutum ɗaya ne zai kai shi gaba ba ya iya cewa a'a, kuma a al'adarmu ta rufin asiri ba ya iya faɗa a gida. Shi ya sa nake girmama kocin da ba ya kwana ɗaki ɗaya da yara in an yi tafiya, wanda ke neman wani dattijo daga iyaye ya raka su, wanda kuma in ya ji ƙishin-ƙishin a kan abokin sana'arsa ba ya cewa ba ruwana.

Irin waɗannan kociyoyi suna nan, kuma su ne mafi yawa, sai dai ba mai rubuta labarinsu. In rana ta yi ja a kan hanyar Sokode, ladan ya fara gyaran murya, sai ka ji usur sau uku. Yara su zube yashin goruna, a ƙirga ƙwallaye a mayar buhu, a ƙirga yaran su ma. A ƙasan buhun akwai wata leda da koci ba ya bari kowa ya taɓa, cike da kwafin takardun haihuwa da ƙananan hotuna, wasu sun fara dusashewa saboda laimar teku. Sau da yawa a daidai wannan lokaci ne mai jaka ke matsowa, ya yi sallama, ya yabi mai lamba goma, ya tambayi ko za a ɗan keɓe a yi magana. Koci ya amsa sallama, ya rataya buhunsa, ya nuna masa lungun da ya bi ta bayan masallaci.

"Gidan mahaifinsa na nan kusa, Alhaji. Mu yi Magariba, sai mu je tare a yi maganar a gabansa."